In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Ciwon Daji da Aikin da ke Jiran Ɗaliban Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai dai kuma kunne ba ya jin abin da ba a faɗa masa da harshen da ya sani ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, duk da cewa ni ba likita ba ce, ɗalibar harshe ce kamar ku. Ra'ayina shi ne, a cikin abubuwan da ke hallaka masu ciwon daji a garin nan namu na Jos, bayan talauci da ƙarancin kayan aiki, akwai rashin bayani da Hausar da mutum zai ji ya gane. Biyun farko sun fi ƙarfinmu mu ɗalibai, amma na ukun aikinmu ne.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai an sami sababbin masu wannan ciwo fiye da 127,000 a Nijeriya, kuma kusan mutum 80,000 sun rasu sanadiyyarsa. Na nono ne a kan gaba, da mutum fiye da 32,000. Ɗaya daga cikin irin waɗannan mata gwaggona ce.

Abin da ya faru da gwaggona

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a Anguwar Rogo take zaune, sana'arta tuyar ƙosai da safe. Wata rana ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu, bai wuce ƙwayar gurjiya ba, ba ya kuma yi mata zafi. Ta ja bakinta ta yi shiru saboda kunya. Da ya fara girma sai ta nuna wa wata maƙwabciya, ita kuwa tana gani ta ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, ranar da aka taɓa shi ranar zai fusata ya bazu. Aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Sai da aka kusa shekara, fatar wurin ta fara sauyawa, sannan babanmu ya sa baki aka yarda a je asibiti. Ni aka ce in raka ta, wai ni ce 'yar jami'a mai jin Turanci.

Likita ya duba ta, ya yi bayani da Turanci yana haɗawa da 'yar Hausar da yake ji. Ya ce kafin a san ko mene ne, sai an ɗebi ɗan abin da ke cikin ƙullutun da allura an kai ɗakin gwaji. Gwaggo ta juyo ta ce, "Ke 'yar nan, me ya ce?" Na laluba ban sami kalma ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gwaggo, wai za su yanki naman wurin." Ta gyara mayafinta ta ce, "Tashi mu tafi. Dama an faɗa mini."

Sai bayan wata huɗu muka koma, lokacin wurin ya riga ya fashe, ciwon ya kai hammata, ya kai ƙashin baya. An yi mata abin da za a iya, an rage mata raɗaɗi, amma daminar da ta biyo baya ba ta ga ƙarshenta ba. Allah ya ji ƙanta. Ban ce maganata ce ta kashe ta ba, domin jinkirin ya faro tun kafin ranar. Amma wata huɗun nan ina jin nauyinsu har yau. Na san ƙa'idojin ginin jimla, na san karin sauti, sai ga shi ranar da aka bukaci jimla ɗaya tak daga gare ni, na kasa gina ta.

Sunaye uku, kowanne da matsalarsa

Bahaushe yana da sunaye uku da yake kiran wannan ciwo da su. Na farko shi ne daji ko jeji. Wannan suna ya fi kowanne yaɗuwa, amma yana ɗauke da kaya. Daji a tunanin mutanenmu mazaunin iskoki ne, saboda haka da an ce daji sai zuciya ta tafi ga shafar aljanu ko jifa, ƙafa kuma ta nufi wajen mai magani maimakon asibiti. Bugu da ƙari, kusan duk kumburi ko gyambon da ya ƙi warkewa ana ce masa daji, ko da kuwa na ciwon suga ne ko na ƙwayoyin cuta. Daga nan ne ake samun masu rantsuwa cewa sun ga an warkar da daji da saiwa, alhali abin da ya warke wani ciwo ne daban.

Na biyu shi ne sankara. A baki da kuma a rubuce ana yawan rikita shi da sanƙarau, wanda ciwo ne na daban da ke sanƙarar da wuya, yana kuma yaɗuwa daga mutum zuwa mutum a lokacin zafi. Duk mubugin da ya yar da lanƙwasar ƙ ya ƙara wa ruɗanin ƙarfi. Na uku shi ne kansa, wanda muka aro daga Turanci. Shi ba ya ɗauke da camfi, sai dai a rubutunmu na yau da kullum da ba a sa alamar karin sauti, idan aka rubuta "ya san ciwon kansa" mai karatu zai iya ɗauka yabon wani mai hankali ake yi.

Haka abin yake a sunayen sassan jiki. Ciwon da ke kan gaba a tsakanin mazan Nijeriya yana kama wata 'yar tsoka ce da ke ƙasan mafitsara, wadda ta kewaye hanyar fitsari. Sau da yawa a rediyo za ka ji an ce masa dajin mafitsara, wani lokacin ma na maraina, alhali waɗannan wurare uku ne daban, kowanne da nasa ciwon. Ita ma kalmar gashi da ake amfani da ita ga maganin haske tana sa tsoho ya hango garwashi da tsire.

Wasu na ganin a yar da kalmar daji kwata-kwata. Ni ban goyi bayan haka ba, domin harshe ba ya bin doka, kuma wanda ya ƙi faɗin sunan da mutane suka sani ba za su san da su yake ba. A kira shi da sunan da aka sani, amma kada a bar sunan shi kaɗai. Duk inda aka ce daji, a biyo shi da bayanin ko mene ne.

Abin da ya kamata kowannenmu ya iya faɗa da Hausa

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta, masu haihuwar junansu cikin tsari, tsofaffi su mutu sababbi su maye gurbinsu. Ciwon daji yana faruwa ne idan wasu daga cikinsu suka bar tsarin, suka yi ta ninkuwa ba tsayawa, har su zama ƙari, daga baya su bi jini ko wasu hanyoyi su sauka a wani sashen jikin. Ba a ɗaukarsa ta hanyar gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya. Don haka babu dalilin ware wa mai shi kofi.

Alamomin da bai kamata a zauna da su ba sun haɗa da ƙullutu a nono ko hammata ko wuya, ko da ba ya zafi. Lotsawar kan nono ko fitar jini daga gare shi. Zubar jini bayan saduwar aure ko bayan mace ta daina al'ada. Wahalar fitsari ga namijin da ya manyanta. Jini a bayan gida. Gyambon da ya ƙi warkewa. Tari ko dishewar murya da suka daɗe. Da rama ba dalili. Ga yara kuwa, a lura da kumburin muƙamuƙi ko na ciki mai saurin girma, da farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido. Ganin ɗaya daga cikin waɗannan ba ya nufin lallai daji ne. Hasali ma yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Ga jimlar da na kasa ginawa a ranar: "Gwaggo, za su kashe zafin wurin, su sa allura su ɗebo ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, su duba da madubin likita don a san sunan ciwon da maganin da ya dace da shi. Yau za mu koma gida." Wannan gwaji ba shi ke sa ciwon ya bazu ba. Abin da ya sa mutane ke zargin ƙarfe shi ne, yawanci ba a zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfin jiki, idan mutum ya rasu bayan tiyata sai a ɗora wa wuƙa laifin da na jinkiri ne.

Likitoci kan kasa ciwon zuwa mataki huɗu. A na ɗaya yana nan ƙarami a inda ya tsiro, a na huɗu ya yi nisa zuwa wasu sassan jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da yawa daga waɗanda aka gano nasu da wuri suna warkewa su ci gaba da rayuwarsu. Manyan hanyoyin magani uku ne. Akwai tiyata, wato cire ƙarin. Akwai kemo, magani mai ƙarfi da ake bayarwa ta ƙarin ruwa ko ƙwaya, zagaye bayan zagaye, sau da yawa duk bayan mako uku. Yana iya kawo tashin zuciya da kasala da zubewar gashin kai, amma gashin yana dawowa bayan an gama. Idan mai shan kemo ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis, domin garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. Sai kuma gashi, wato haska wurin ciwon da wani haske mai ƙarfi daga na'ura. Babu wuta a ciki, mutum ba ya jin zafi lokacin da ake yi, 'yan mintoci ne a kowace rana har na wasu makonni.

Akwai kuma rigakafi. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV kyauta, wadda ita ce ke haddasa kusan duk dajin bakin mahaifa, kuma Jihar Filato ta shiga shirin a zagaye na biyu a watan Mayu na 2024. Allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai tana kare su daga babban sanadin dajin hanta. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke cutar da hanta. Taba kowace iri ce, ta sha ko ta shaƙa, haɗari ce. 'Yan'uwanmu zabiya kuma suna bukatar malfa da tufafi masu rufe jiki saboda rana.

Ina za a dosa, da me za a tafi?

A nan Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham wanda kowa ya fi sani da Jankwano. Wanda ya fara daga ƙaramin asibitin unguwa ya nemi takardar turawa. A tanadi jaka ɗaya a riƙa zuba duk wata takardar gwaji da hoto da rasit a ciki, a kuma yi musu kwafi, domin ɓatan sakamako ɗaya na iya jawo sake biyan kuɗi da ɓata makonni. Kada maras lafiya ya shiga wajen likita shi kaɗai. Mai rakiya ya riƙe littafi da biro, ya yi waɗannan tambayoyi: mene ne sunan ciwon, a wane mataki yake, maganin na warkarwa ne ko na sauƙaƙawa, tsawon wane lokaci zai ɗauka, nawa zai ci, kuma wa za a kira idan jiki ya rikice da dare? Matambayi ba ya ɓata.

Shekaru da dama, wanda ke bukatar gashi daga Jos sai an tura shi Abuja ko Zariya, ga kuɗin mota ga na masauki. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta bayyana asibitocin koyarwa shida da za a kafa wa cibiyoyin kula da ciwon daji, har da na Jami'ar Jos, kuma a 2025 aka buɗe na Katsina da Inugu da Benin. Duk inda aka tura mutum, ya fara bugun waya ya tabbatar na'urar tana aiki, ya kuma karɓi rana kafin ya hau mota.

Maganar kuɗi ita ce mai karya gwiwa. A 2021 gwamnati ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono da na bakin mahaifa da na wannan tsokar ta maza, a asibitoci shida, cikinsu har da na Zariya da Abuja da Gombe. Jihar Filato tana da hukumar inshorar lafiya mai suna PLASCHEMA. A manyan asibitoci kuma akwai sashen kula da walwalar marasa lafiya. Ba duk wanda ya nema ke samu ba, amma wanda bai tambaya ba ya riga ya rasa. A cikin dangi kuwa, gara a zauna tun farko a yi lissafin maganin gaba ɗaya, a raba wa kowa abin da zai riƙa kawowa duk wata. Zuwa dubiya da lemo da madara a makon farko, sannan a ɓace a zagaye na uku, shi ke sa mutane da yawa yanke magani a tsakiya, wanda kuwa hasara ce biyu.

A faɗa wa maras lafiya ko a ɓoye masa?

Al'adarmu ita ce a ja babban ɗa gefe a faɗa masa, a bar mai ciwon cikin duhu, wai kada hankalinsa ya tashi. Na fahimci tausayin da ke cikin wannan. Amma na lura da gwaggona ta san komai tun kafin mu buɗe baki, tana karanta shi a fuskokinmu, mu muna ɓoye mata, ita ma tana ɓoye mana cewa ta sani. Mutum yana da haƙƙin sanin abin da ke jikinsa, don ya yarda da magani da saninsa, ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar wanda zai nema. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin magana mai nauyi cikin taushi ba. A fara da tambayarsa me shi yake gani, a ba shi gwargwadon abin da ya nema, a kuma bar ƙofa a buɗe.

Haka nan a daina faɗin "an sallame shi, ba abin da za a iya yi." Ko ciwo ya wuce warkewa, akwai kulawar sauƙaƙa wahala: magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da likita ke rubutawa, wanke gyambo, da gyaran kwanciya. Addu'a da asibiti kuma ba kishiyoyi ba ne. Kada a manta da mai zaman jinya, wadda yawanci mace ɗaya ce aka bar wa komai. A yi karɓa-karɓa, ita ma ta sami barci.

Aikin da ke gabanmu

'Yan'uwana ɗalibai, Jos gari ne da Berom da Afizere da Anaguta da Ngas da Tarok da Bafulatani da Bahaushe ke haɗuwa a kasuwar Taminus su yi ciniki da Hausa. Ana wa'azi da ita a masallaci, ana yi da ita a coci. Saboda haka bayani ɗaya mai kyau da Hausa zai shiga gidajen da Turanci ba zai taɓa shiga ba.

Magabatanmu sun nuna mana hanya. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. A 2017 wata tawagar masana harshe da ma'aikatan lafiya ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ta fitar da jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola da Hausa da Ibo da Yarabanci. Me zai hana a yi wa ciwon daji irin wannan?

Shawarata uku ce. Ta farko, masu neman batun kundin kammala digiri su waiwayi wannan fage: sunayen ciwon a kare-karen Hausa, sakaya zance a ɗakin likita, da camfe-camfen da ke tattare da shi. Ta biyu, ƙungiyarmu ta haɗa kai da ɗaliban likitanci da na jinya a tsara 'yar takarda mai shafi biyu, da boko da ajami, da kuma saƙon murya da za a riƙa turawa ta WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatu. Likita ya tabbatar da ma'ana, mu mu tabbatar da Hausa, sannan a karanta wa tsofaffin unguwa a ji abin da suka fahimta kafin a buga. Ranar 4 ga Fabrairu, wadda ita ce ranar ciwon daji ta duniya, ta dace da ƙaddamar da ita. Ta uku, duk wanda aka ce ya raka maras lafiya ya ɗauki tafinta a matsayin amana. Kada ya ƙara, kada ya rage, kuma idan bai gane ba ya ce, "Likita, don Allah a sake yi mini bayani." Da na faɗi wannan a ranar, da wataƙila ba mu tashi ba.

Wani zai ce wannan shiga sharo ba shanu ne, aikin likitoci ne. Amsata ita ce, ba mu ce za mu rubuta magani ba. Likita yana da ilimin amma sau da yawa ba shi da lokaci ko kalmar, mu kuma kalma ita ce sana'armu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Bayan rasuwar gwaggo, babbar 'yarta ta ji ƙullutu ita ma. Ta kira ni tana kuka. Na je na zauna da ita a kan tabarma, na faɗa mata jimlar nan da na daɗe ina gyarawa a zuciyata, ta ƙwayar shinkafa da madubin likita. Washegari muka tafi asibiti. Da sakamako ya fito, aka ce ba daji ba ne, aka cire shi, yanzu haka tana nan ta gaji kaskon ƙosan uwarta.

Daga ƙarshe, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu, uwa ko yaya ko kawu, ya zauna ya yi masa wannan bayani da bakinsa kafin ƙarshen zangon karatun nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.